Hannun Hagun Yaya da Rautar Katabu

Shekarar da aka ce za a rufe ɗakin masu buga takardu a ma'aikatarmu da ke Doka, yayata ce ta fi kowa daɗewa a cikinsa. Ta shiga tun ana aiki da tafireta, a kan idonta kwamfuta ta zo, a kan idonta kuma aka fara ɗauko yaran da ke buga wasiƙa da wayar hannu suna taunar cingam. Ni ina sashen kwamfuta na ma'aikatar, wato ni ne mai hawa silin in ja kebul, ni ne kuma mai shan zagi idan netwok ya tsaya. Gidanmu gidan aikin gwamnati ne tun daga kan mahaifinmu, saboda haka babu wanda ya yi mamakin ganin mu biyu a wuri ɗaya.

An tara masu buga takardun aka gaya musu cewa yanzu kowane jami'i shi ke buga takardarsa da kansa, don haka za a yi musu ritaya tun lokacinsu bai yi ba. Sai dai akwai gurbi ɗaya tak a sashenmu, ga wanda ya nuna zai iya aikin netwok, ya kuma kama hanyar samun satifiket ɗinsa. Ni na ɗauka Yaya za ta haƙura ta tattara. Mijinta ya rasu, yaranta na makaranta, aikin nan shi ke riƙe da gidan, duk na sani. Amma ina ita ina netwok? Washegari da sassafe sai ga ta a ƙofar ɗakina a Hayin Banki, da mayafinta da jakarta.

"Auta, wannan karatun da kake zuwa ran Asabar, na mene ne?"

"Na satifiket ɗin netwok ne, Yaya."

"To, tare za mu riƙa zuwa."

Na ƙyalƙyale da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallona har dariyar ta ƙare don kanta, sannan ta ce in goge mashin ɗina da kyau, ba za ta hau ƙazanta ba.

Ajin namu a saman wani shago yake, kusa da Kawo. Malaminmu wani siririn mutum ne da ba ya ɗaga murya, yana da tsofaffin rautoci a jere a kan teburi, da fanka ɗaya mai kukan wahala. Ga wanda bai sani ba, rauta wata 'yar akwatin ƙarfe ce mai ƙofofi a baya inda ake soka kebul, ita ke nuna wa saƙo hanya daga wannan ofis zuwa wancan. Ba ta da hotuna, ba ta san maus ba. Baƙin allo ne kawai, kana rubuta mata umarni layi bayan layi. Idan ka danna maɓallin Enta sai ta aikata, ba ta tsayawa tambayarka ko ka tabbata.

Umarnin nan dogaye ne, jarrabawar kuma da lokaci ake yin ta, shi ya sa Malam ya nace sai mun haddace gajerun hanyoyin kibod. Ka rubuta farkon kalma ka danna Tab, rauta ta ƙarasa maka. Ka manta abin da ke biye, ka sa alamar tambaya ta jero maka. Kibiyar sama tana dawo da umarnin da ka rubuta a baya. Kwantirol da A ya kai ka farkon layi, Kwantirol da E ya kai ka ƙarshensa, Kwantirol da W ya share kalma ɗaya. Ni na yi watanni ina fama da su, kullum sai na tsaya na yi tunani kafin yatsana ya motsa.

Asabar ta farko Yaya ta zauna shiru, ta naɗe hannu tana saurare. Ta biyu ta ja kujera ta gyara zama, ta ɗora yatsu a kan kibod. Wallahi abin da na gani ya ɗaure min kai. Ba ta kallon maɓallan ko sau ɗaya. Idonta na kan allo, yatsunta na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Duk gajeriyar hanyar da Malam ya faɗa sau ɗaya, ta shige hannunta ke nan, ba ta sake tambaya. Samarin ajin da suka yi ta zunɗenta ranar da ta shigo, suka bar nasu aikin suka zagaye ta baki sake. Ni da na kawo ta ina jin kunyar a ce yayata ce, sai ga shi ina cewa kowa, ai uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Ba wai ta fahimci komai nan take ba. Lissafin adireshin netwok ya ba ta wuya ƙwarai, har ta taɓa ce min wanda ya ƙirƙiro shi ba ya son zaman lafiya. Amma ta dage, a hankali ya zauna. Wajen kibod kuwa ta mayar da ni abin tsokana. Idan ta leƙo ta ga ina neman harafi da yatsa biyu sai ta ce, "Auta, kaza ce ke tsince tsaba ko taifin kake yi?" Raina na ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ne fa ɗan sashen kwamfuta.

Wata Asabar Malam ya zo kan Kwantirol da Z. Ya ce idan kana cikin wurin saiti, inda ake canza wa rauta tsari, wannan ne ke fito da kai waje gaba ɗaya. Sai dai a kula, in akwai umarni rubuce a layin, rauta za ta aikata shi tukuna sannan ta fito da kai, daidai da ka danna Enta. Wanda ke son ya fasa abin da ya rubuta, Kwantirol da C zai danna.

Yaya ta ɗaga hannu. "Malam, sake faɗa."

Ya sake faɗa.

"A'a! Wane marar imani ne ya shirya wannan?"

Aji ya kwashe da dariya, amma ita da gaske take. Ta juyo ta yi mana bayani. A wajen mai buga takarda, Kwantirol da Z shi ne mai ceto. Ka goge sakin layi bisa kuskure, ka danna shi, sakin layin ya dawo. Ka ɓata wasiƙar darakta, ka danna shi, kamar ba a yi ba. Ta ce a rana ɗaya ba ta san sau nawa take danna shi ba, kuma ba ta taɓa sanin lokacin da take dannawa ba. Yanzu kuma a ce mata maɓallin da ke janye kuskure a can, shi ne ke tabbatar da shi a nan.

Daga ranar ta ɗauki abin da zafi. Muna kan mashin a hanyar gida sai in ji ta dungure ni a baya: "Ka rubuta umarni ka ga kuskure ne, me za ka danna?" In ce C. Ta ce, "Z fa?" In ce ya aikata. A ofis ma idan mun haɗu a bene sai ta tambaye ni. Har yaranta sun haddace, ƙaramar tana rera shi tana wanke-wanke. Duk ajinmu babu wanda ya san wannan gargaɗi kamar Yaya, har Malam kan ce wa sababbin ɗalibai su tambayi Hajiya.

Ana cikin zafin bazara Oga, shugaban sashenmu, ya ce lokaci ya yi da zai gwada masu neman gurbin. Su uku ne suka rage, Yaya da wasu biyu daga ɗakinsu da ba su kai ta shekaru ba. Oga mutum ne mai kirki, amma yana da taurin kai a kan abu ɗaya: bai yarda da rautar koyo ba. A cewarsa wanda bai taɓa mai rai ba, wato wadda ake aiki da ita, bai taɓa komai ba. Saboda haka ya ce kowa zai shiga rautar ɗaya daga cikin rassanmu daga nan Doka, ya yi ɗan ƙaramin aiki. Yaya aka ba reshen Katabu. Aikin kuwa ko ni ba zan kira shi aiki ba. Akwai wata ƙofa a rautar da ba a amfani da ita, ita za ta rufe. Sai dai a kusa da ita akwai babbar ƙofa, wadda duk netwok ɗin Katabu ke bi ya iso Doka, ta nan ma mu kanmu za mu shiga rautar.

Ina tsaye a bayanta, Oga na gefe da kofin shayinsa. Ta yi bisimilla ta fara. Ta shiga babbar ƙofar ta duba ta, ta fito. Ta shiga ƙaramar ta duba, ta fito, ta nuna wa Oga cewa ta bambance su. Ya gyaɗa kai. Sai ta danna kibiyar sama don ta dawo da layin shiga ƙaramar, kibiyar ta zarce ta ɗauko na babbar. Ta danna Enta, ta rubuta umarnin rufewa, duk kan ka ce kwabo. Kafin ta danna Enta na biyu ta ɗaga ido ta karanta layin sama, kamar yadda Malam ya koya mana. Ta gani. Ni ma na gani. Hannunta na dama ya tsaya cak a sama, bai taɓa komai ba.

"Innalillahi," ta ce.

Kalmar ba ta gama fita daga bakinta ba na ga yatsu biyu na hannunta na hagu sun sauka a kusurwar kibod. Ƙaramin yatsa a kan Kwantirol, na kusa da shi a kan Z. Ƙas.

Allon ya tsaya. Ɗan ɗigon nan da ke ƙiftawa ya ci gaba da ƙiftawa, amma babu abin da ya biyo baya. Oga ya ajiye kofinsa a hankali, ya sunkuyo ya danna Enta, ya sake dannawa. Shiru. Rautar Katabu ta rufe ƙofar da muke magana da ita ta ciki, ta bar mu a waje.

Abin da ya fi tsorata ni ba allon ba ne, fuskar Yaya ce. Ta ɗaga hannun hagun tana kallonsa, gaba da baya, kamar an ba ta aron hannun wani.

"Ban danna ba," ta ce. "Yallaɓai, wallahi ban ce a danna ba. C na yi niyya. C ne a raina."

Wayar Oga ta riga ta fara ƙara. Shugaban reshen Katabu ne. A makon nan ana tantance tsofaffin ma'aikata a can, kowa sai ya ɗora yatsa an ɗauki hotonsa an turo Doka, yanzu kuma komai ya tsaya cik. Maganin abin ba shi da wuya, tunda ba a adana canjin ba. A kashe rautar a kunna, za ta dawo yadda take. Amma rautar na cikin akwatin ƙarfe a kulle tare da batirinta, ko an cire wutar ofishin ba za ta mutu ba. Makullin akwatin kuwa yana cikin aljihun wandona, a Doka.

Na zari hular kwano na yi waje. Ina tayar da mashin na ji an hau bayana.

"Yaya, ki zauna mana, yanzu zan dawo."

"Ja mu je."

Muka bi ta Kawo, muka faɗa cunkoson motocin tasha, muka kama titin Zariya. Rana kamar ta fasa kai. Yaya da ba ta iya zama a bayan mashin ba tare da ta gyara min tuƙi ba, ranar ko tari ba ta yi ba har muka isa.

A ƙofar reshen na ga abin da ban shirya gani ba. Tsofaffi ne cike da harabar, wasu a kan benci, wasu sun shimfiɗa ɗankwali ko buhu a ƙasa, wasu sun raɓe a 'yar inuwar katanga. Akwai mai sanda, akwai wanda aka riƙo. Na kutsa ciki da gudu, na buɗe akwatin, na kashe rautar na kunna, na tsaya ina kallon fitilunta suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Da netwok ya dawo sai injin ɗaukar yatsa ya ƙi haɗuwa, sai da na yi ta fama da shi. Kafin komai ya daidaita la'asar ta kawo jiki, aka ce waɗanda layi bai kai kansu ba su dawo gobe.

Da na fito na tarar da Yaya tsugune a gaban wani dattijo mai farin gemu, ƙafafunsa a kumbure cikin silifa. Yana ta faɗa shi kaɗai, ya ce tun safe ya baro ƙauyensu ko karyawa bai yi ba, yanzu kuma a ce ya koma ya dawo, wannan netwok Allah ya isa.

"Baba, ba netwok ba ne," in ji Yaya. "Ni ce na kashe shi."

Ya dube ta sama da ƙasa, mace da mayafi da jaka, ya yi 'yar dariya. "Haba 'yata, ke ina ruwanki? Abin Turawa ne, haka yake yi."

"Ni ce, Baba. Ka yafe min."

"To, to, Allah ya yafe mana duka," ya ce, da alama don ta rabu da shi ne. Ya dafa sandarsa ya miƙe da kyar. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai bakin titi.

Ni na riga na cire rai da gurbin nan. Na yi ta ƙunƙuni a hanya, ina zagin taurin kan Oga, ina zagin wanda ya ƙera rauta, ina zagin akwatin ƙarfe. Washegari Oga ya ba ni mamaki. Ya kira su ukun ya ce laifin nasa ne da ya sa su a kan mai rai, kuma shi ya ga Hajiya ta gano kuskurenta tun kafin ta danna. Za a sake gwaji mako mai zuwa a kan rautar koyo, aiki iri ɗaya ga kowa, da ƙayyadadden lokaci kamar a jarrabawar gaske. Wanda ya gama daidai cikin lokaci, gurbin nasa ne.

Na fito ina murna kamar in yi tsalle. Gwajin sauri, da Yaya a ciki? Ai an gama. Na ce mata ta sa ranta a inuwa. Ta ce to. Asabar ɗin ba ta zo aji ba, ta ce kanta ke ciwo, ban kawo komai a raina ba.

Ranar gwajin aka jera kwamfuta uku a ɗakinmu. Ni aka sa in haɗa musu kebul, in tsaya in ga ba a yi satar amsa ba. Oga ya duba agogonsa ya ce a fara. Sauran biyun suka duƙufa. Yaya ta gyara mayafinta, ta yi bisimilla, sannan ta ɗan ɗaga jikinta daga kujera, ta tura hannunta na hagu ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kai.

Na ɗauka gyaran zama take, na jira ta zaro shi. Ba ta zaro ba. Ta ɗora hannun dama shi kaɗai a kan kibod ta fara bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, tana sunkuyawa tana neman waɗanda ke ɓangaren hagu, don hannun dama bai taɓa sanin inda suke ba. Ba ta taɓa Kwantirol ba ko sau ɗaya. Ba ta taɓa kibiyar sama ba. Kowane umarni sai ta rubuta shi cikakke tun daga farko, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta danna Enta.

Na matsa kusa da ita kamar zan duba kebul. "Yaya," na ce ƙasa-ƙasa, "don girman Allah ki fito da hannun nan."

Ko kallona ba ta yi ba.

"Rautar koyo ce fa. Ko kin kashe ta babu wanda zai sani."

"Matsa min, Auta."

Oga ya yi gyaran murya, na ja da baya. Na jingina da bango ina kallo. Ji nake kamar in je in fizgo hannun da ƙarfi in ɗora mata a kan kibod. Na san abin da hannayen nan biyu za su iya, da sun gama aikin tun sauran ba su kai rabi ba. Oga ma ya gani, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Zufa na keto mata ta ƙarƙashin ɗankwali, kafaɗarta ta karkace saboda zaman, ita kuwa tana ta tafiya harafi bayan harafi.

Ɗaya daga cikin biyun ta ɗaga hannu, ta gama. Can ɗayan ma ya gama. Oga ya ƙara jira, na ga yana kallon agogo yana kawar da kai, ya ba ta fiye da abin da ya yanka. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, lokaci ya cika."

"Na ji, Yallaɓai."

Ba ta tsaya ba. Babu kuma wanda ya iya ce mata ta tsaya. Muka yi tsit muna sauraren ƙas, ƙas, ƙas, har ta rubuta layin ƙarshe, ta adana aikin, ta jingina. Oga ya zo ya duba daga sama har ƙasa. Ya ce babu kuskure ko ɗaya, nata ya fi na kowa tsabta. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce amma ƙa'ida a gaban kowa ya faɗe ta, gurbin na wadda ta fara gamawa ne.

Yaya ta ce Allah ya sa haka ne ya fi alheri, ta yi wa wadda ta samu barka. Sai da kowa ya fita sannan ta ɗaga jikinta ta zaro hannun. Ya yi fari fat, da shatin ɗinkin kujera a bayansa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ta kai shi ga jakarta ya kasa riƙewa.

"Ɗaukar min jakar nan, hannun ya mutu."

Na ɗauka. "Yaya, me ya sa? Kin san fa da kin ci. Kowa ya san da kin ci."

Tana murza yatsun da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta dube ni, babu hawaye a idonta, har da ɗan murmushi.

"Amma ka ga dai yau bai taɓa komai ba, ko?"